Kwikwiyo biyar, ɗan jagora ɗaya: abin da na gani a wani gidan horon karnuka na Damagaram

Yayana ya rasa ganinsa shekara 6 da suka wuce sakamakon hawan jinin ido, ciwon da ke cin jijiyar gani sannu a hankali ba tare da mutum ya ankara ba, kuma abin da ya riga ya ci ba ya dawowa ko da an yi aiki. Tun daga lokacin ɗansa na biyu ne ke riƙe masa sanda daga gidanmu na unguwar Birni zuwa masallaci, zuwa asibiti, zuwa wurin gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure, kuma duk ranar da uban ke da fita, yaron ba shi da makaranta. Wannan damuwa ce ta kai ni gidan wani dattijo da ke gefen gari, wanda ya daɗe yana kula da karnukan jami'an tsaro kafin ya ajiye aiki, yanzu kuma yake horar da karnukan gadi ga masu shaguna da masu garka. Yau wata 7 ke nan Yayana yana fita da karya mai yi masa jagora wadda ta fito daga hannun wannan dattijo, kuma saboda yawan masu tsayar da mu a hanya suna tambayar inda muka samo ta da abin da muka kashe, na ga ya dace in rubuta yadda aikin gidan yake, da inda ya gamsar da ni, da inda ya gaza.

Ranar farko bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Malam, karen gadi kowa na iya yi maka shi cikin wata uku, domin zargi da faɗa ake so a jikinsa. Wanda kake nema kuwa ba a son ko ɗaya daga cikinsu, kuma ba ni ne zan cire masa ba, da halinsa ake haihuwarsa. Ba zan yi maka alkawarin kare ba, alkawarin gwaji zan yi maka." Sharaɗinsa shi ne a fara da kwikwiyo 5 daga uwa biyu, a bi su har shekara 2, ina biyan jika 20 kowane wata na abinci da ladan wahalarsa, allurar rigakafi da magani kuma lissafinsu daban. Ya jaddada cewa ba farashin kare yake karɓa ba, tun da an hana cin kuɗin kare, ladan horo ne kawai. Na fita daga gidan ina jin sharaɗin ya yi tsauri, domin ban ga dalilin da zai sa mai neman kare ɗaya ya ciyar da biyar ba. Ni malamin kimiyyar halittu ne a makarantar lise, wato babbar sakandare, don haka na koma ga abin da masana suka rubuta a kan wannan sana'a, kuma abin da na tarar ya sa na janye zargina.

Makarantar farko ta karnukan jagora an buɗe ta ne a garin Oldenburg na Jamus a 1916, domin sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Farko. A 1929 aka kafa The Seeing Eye a Amurka, a 1953 kuma Afirka ta Kudu ta samu tata ƙungiyar. Irin waɗannan makarantu su ke kiwon iyayen karnukansu tsara bayan tsara, galibi Labrador da Golden Retriever da karen makiyayan Jamus da muke kira berje, suna da likitoci da ɗakunan gwaji da littattafan asali na shekaru masu yawa. Duk da wannan tanadi, a da yawa daga cikinsu tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin karnukan da aka fara da su ba sa kaiwa ga aiki. Shi ya sa aka daɗe ana neman alamun da za su nuna tun da wuri wane kare ne zai kai, a halinsa da kuma a jikinsa, don kada a zuba dukiya da lokaci a kan wanda zai faɗi a ƙarshe. Da wannan ma'auni na auna gidan dattijon, kuma na fahimci cewa mutumin da zai fara da kare ɗaya ya rantse maka zai yi, ko dai bai san aikin ba, ko kuwa a shirye yake ya miƙa wa makaho karen da bai cancanta ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne da iyayen ya soma, tun kafin a haifi ƴaƴan. Yana da karya uku, dukkansu haɗin berje da karen gida, masu gajeren gashi da ke jure zafinmu fiye da berje tsantsa. A gabana ya saki murfin tukunya a bayan kowacce tana cin abinci. Biyu suka zabura, suka waiwaya, suka koma kan kwanonsu, ta ukun kuwa ta shige ƙarƙashin amalanke ta ƙi fitowa har muka gama hira. Ya ce ko ƴaƴanta sun fi kowa kyau ba zai sa ɗaya cikin gwajinmu ba. Wannan ya yi daidai da abin da Goddard da Beilharz suka gano a Ostareliya a farkon shekarun 1980, cewa tsoro ne babban abin da ke fitar da karnuka daga horon jagora, kuma gado yana da hannu a cikinsa. Haka nan ya ƙi shawarar wani abokina da ya ce a nemo karen Azawak, tun da namu ne na Sahel kuma zafi ba ya damunsa. Ya ce karen da aka yi shekaru aru-aru ana zaɓensa don ya hango barewa ya bi ta da gudu, ba shi za a ɗaura wa makaho a hannu ba, kuma na yarda da shi.

Bayan haihuwa sai na ga wani abu da na ɗauka son rai ne kawai. Ɗaya karyar kwance take wuni tana lasar ƴaƴanta, nono a bakinsu ba wahala. Ɗayar kuwa takan shayar da nata a zaune ko a tsaye, sai sun miƙe sun yi ta kokawa kafin su kama, kuma da sun ƙoshi ta fice ta bar su. Ni ta farkon na yaba, shi kuwa dattijon ya ce ƴaƴan ta biyun ya fi sa wa rai, domin kwikwiyon da bai taɓa neman abu ya rasa ba, ranar da ya rasa kuka zai yi. Daga baya na karanta binciken da Emily Bray da abokan aikinta suka wallafa a 2017, inda suka bi kwikwiyo 98 na makarantar The Seeing Eye tun daga haihuwa har ƙarshen horo. Sun tarar cewa ƴaƴan uwar da ta fi ɗawainiya da su, mai shayarwa a kwance, sun fi yawan faɗuwa, waɗanda kuwa suka sha nono uwarsu na zaune ko tsaye sun fi yawan kaiwa. Bincike ne na makaranta guda, ba ya nufin a raba kwikwiyo da uwarsa ko a wahalar da shi da gangan, amma ya nuna mini cewa idon dattijon ya ga abin da masu awo suka ƙirga. Muka ɗauki 3 daga mai shayarwa a tsaye, 2 daga mai shayarwa a kwance.

Kuskuren gidan na farko a wurin renon ya faru. Tun aikin Scott da Fuller, wanda aka tattara a 1965, an san cewa tsakanin mako 3 da mako 12 ne kwikwiyo ke buɗe zuciyarsa ga mutane da ƙara da wurare, abin da bai saba da shi a wannan ɗan lokaci ba yakan zame masa abin tsoro daga baya. Clarence Pfaffenberger, wanda ya yi aiki da wata makarantar jagora a Kalifoniya, ya lura cewa ƴan kwikwiyon da aka bari a keji bayan mako 12 sun fi faɗuwa nesa ba kusa ba. Saboda haka makarantu ke miƙa su ga iyalai tun suna mako 7 ko 8, su tashi cikin gida har su wuce shekara. A Damagaram samun gidan da zai karɓi kwikwiyo ya rene shi cikin yara ba abu ne mai sauƙi ba, kuma dattijon gida uku kawai ya samu cikin danginsa. Sauran biyun suka zauna a filinsa. Ya yi ƙoƙarin cike giɓin: yakan sa su a kwando a bayan babur ya zaga da su tasha da bakin kasuwa, ba ya ajiye su a ƙasa tun da ba a gama musu rigakafi ba, kuma lokacin hawan Salla ya kai dukkansu kusa da ƙofar fada don su ji tambura da algaita, su ga dawaki. Amma zagayen awa ɗaya ba ya maye gurbin kwana da tashi cikin mutane. Ɗaya daga cikin biyun nan, yana wata 8, ya kasa wuce raƙumi a kasuwar dabbobi, ya riƙa ja da baya duk lokacin da kabu-kabu ya gifta, kuma shi ne na farko da aka cire. Da an gaya mini tun farko cewa gida uku ake da su, da na buɗe nawa.

Kuskure na biyu shi da kansa ya amsa shi. Suna mako 7 ya jera su ya tafa hannu, ya jefa tsumma, ya kifar da kowanne a bayansa, sannan ya nuna wani ja mai ƙiba da ya riga kowa zuwa, ya ce ga ɗan jagoran Yayanka nan. Muna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to a kan kwikwiyo wannan magana ba ta cika tsayawa ba, domin halin ɗan mako 7 bai gama zama ba. Binciken da Batt da abokan aikinta suka yi a Ostareliya a 2008 ya nuna cewa gwajin da aka yi wa kare bayan ya wuce shekara ya fi faɗin gaskiya a kan wanda aka yi masa yana wata 6, balle kuma yana jariri. Jan nan ba shi da tsoro ko kaɗan, abin da ya kayar da shi shi ne komai na ɗauke masa hankali. Akuya, kaza, ƙashi a bola, wani kare a tsallaken hanya, duk sai ya fizgi igiya ya nufe su, kuma a gari irin namu da dabbobi ke yawo a kowane lungu wannan aibi ne da ba ya gyaruwa. A Jami'ar Fensilbaniya James Serpell da Yuying Hsu sun tsara wasu tambayoyi kimanin 100 a 2003, ana kiransu C-BARQ, waɗanda mai renon kare ke amsawa, kuma da aka gwada su a makarantun jagora an ga yawan fizgar igiya yana cikin alamun da ke nuna faɗuwa. Na zaɓi wasu daga cikin tambayoyin na mayar da su Hausa, ina zagayawa gidajen renon kowane wata ina rubuta amsa. Matar da ke renon jan ta gaya mini tun yana wata 6 cewa hannunta na ciwo saboda shi. Dattijon bai cire shi ba sai yana wata 11, kuma ina ganin son da ya yi masa tun farko ne ya jawo jinkirin.

Inda gidan ya cancanci kowace dala da na biya shi ne gwajin da ya yi wa ukun da suka rage suna wata 13. Ya jira lokacin sanyi, kuma bayan sallar asuba yake yin sa, dalilinsa kuwa na ilimi ne ko da bai faɗe shi da kalmomin ilimi ba. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, don haka a watan Afrilu kowane kare a garin nan harshensa a waje yake, ba za ka bambance hakin zafi da hakin damuwa ba. Da sanyin Disamba kuwa, karen da ya soma haki yana tsaye wuri ɗaya, zuciyarsa ce ba ta kwanta ba. Yakan bi da kare ta wani lungu da bai sani ba, yaronsa ya buɗe laima kwatsam daga bayan katanga, can gaba a saki fallen kwano a kan dutse, can kuma a tayar da babur dab da shi, a ƙarshe a wuce da wani kare a ɗaya gefen. Ni ne mai riƙe agogo. Abin da ya ce in ƙirga ba zaburar ba ce, domin a cewarsa karen da ba ya zabura ko kurma ne ko kuwa ya ɓoye abin a ciki. Lokacin da kare ke ɗauka kafin ya dawo hayyacinsa, ya saki jelarsa, ya ci gaba da tafiya, shi ne abin awo.

Ƴar baƙar nan mai farin tabo a goshi, wadda Yayana ya sa wa suna Tauraruwa daga baya, ta yi tsalle gefe da aka buɗe laimar, amma kafin daƙiƙa 5 ta dawo ta sansana ta, ta ɗaga kai ta dubi mai riƙe da ita, ta wuce. Da muka sake biyowa ta wurin ba ta ko kauce ba. Ɗan'uwanta namiji ya yi kusan haka. Na ukun shi ne ya ruɗe ni, domin bai motsa ba sam, har na ce wannan ai jarumi ne. Dattijon ya ce, "Malam, dubi bakinsa." Sai na ga yana lasar leɓe a kai a kai, yana hamma, yana haki cikin sanyin da ni kaina nake rawar ɗari, kunnuwansa a maƙale a baya. Ya sa yatsuna a cikin cinyar karen inda jijiya ke bugawa, muka ƙirga. Babban kare mai lafiya idan yana hutawa bugunsa kan kasance tsakanin 60 da 100 a minti, na wannan kuwa bayan minti 10 da gama gwajin yana nan sama bai sauko ba, alhali na sauran biyun ya daɗe da komawa yadda yake. Lisa Tomkins da Paul McGreevy na Jami'ar Sidni, a binciken da suka fitar a 2011, sun tarar cewa haki da lasar baki idan an wuce da wani kare alama ce ta raguwar nasara, kuma karen da ya fi samun hutu da dare a ɗakinsa ya fi kaiwa. Dattijon bai san sunayensu ba, amma yakan tashi tsakar dare ya leƙa ya ga wane ne ke barci, wane ne ke kai da komo, kuma wannan na ukun kullum a tsaye yake tarar da shi. Ya cire shi, kuma a nan ne na tabbata cewa mutumin ya fi damuwa da ran Yayana fiye da kammala cinikinsa, domin karen da ke danne tsoro haka zai iya yin wata shida lafiya, ran da abin ya fi ƙarfinsa kuma ya ruga da makaho tsakiyar titi.

A ƙasashen da ke da ɗakunan gwaji ana auna sinadarin kotizol a yawun kare, wanda wasu ƴan ƙullutai da ke kusa da ƙoda ke fitarwa idan jiki ya shiga damuwa. Gidan dattijon ba shi da wannan, kuma ban ɗauke shi babban rashi ba, saboda kotizol yakan hau don murna kamar yadda yakan hau don tsoro, har ma riƙe karen da ake yi don a ɗebi yawun na iya tayar da shi. Akwai kuma alamu biyu da na gwada da kaina don sha'awa. Masanan Sidni ɗin nan sun ba da rahoto a 2012 cewa karnukan da suka fi amfani da ƙafar gaba ta dama sun fi cin jarrabawa, haka ma waɗanda gashin ƙirjinsu ya murɗe saɓanin yadda hannun agogo ke juyawa. Abin ya tuna mini da yadda masu dawaki a garin nan ke duba alamun jikin doki kafin su taya. Na cusa nama a gwangwani na ƙirga ƙafar da kowanne ke dannewa da ita, sai ga shi Tauraruwa bahaguwa ce. Irin wannan alama tana bayyana ne idan an tara karnuka da yawa an yi lissafi, ba ta isa a yanke wa kare guda hukunci da ita ba, kuma ban ba kowa shawarar ya biya kuɗi a kanta ba.

Babban aibin gidan, wanda har yau yake ci mini rai, shi ne rashin binciken lafiyar ƙashi. Ɗan'uwan Tauraruwa ya ci kowane gwajin hali, ya fi ta girma, tafiyarsa ta fi dacewa da tsawon Yayana, kuma shi muka sa a gaba. Yana wata 17 ya soma wahalar tashi da safe, idan ya yi gudu sai ya haɗa ƙafafun baya yana tsalle kamar zomo. Da likitan dabbobi ya duba, sai ya ce gurbin ƙugunsa bai riƙe kan ƙashin cinya da kyau ba, ciwon gado ne da ya yi yawa a jinin berje da Labrador. Makarantu na ɗaukar hoton ƙugu da gwiwar gaba na iyaye kafin a haɗa su, su kuma ɗauki na ƴaƴan kafin a shiga horo mai tsada, suna duba ido saboda ciwon gado da ke lalata ganin kare a hankali. Bayanan ƙungiyar karnukan jagora ta Ingila sun nuna cewa cikin cututtukan da ke sa kare ya bar aiki kafin lokacinsa, na ƙashi da gaɓoɓi ne kan gaba. Dattijon da hannu da ido yake duba ƙugu, kuma hannu ba ya ganin cikin gaɓa. Wata 4 na horo suka tafi a banza a kan karen da hoto ɗaya zai iya fitarwa tun da wuri, shi kuma karen ya sha wahalar da bai kamata ya sha ba.

Sauran ƙorafina ƙanana ne amma ya kamata mai zuwa ya san su. Ba a rubuta komai a gidan, duk abin da aka gani a kan kare yana cikin kan dattijon, sai da na kawo littafi na dage. Ba mu yi takardar yarjejeniya ba, kuma da hatsi ya yi tsada ya mayar da kuɗin wata jika 25 ba tare da ya sanar da ni tun da wuri ba, ko da yake karnukan sun ragu. Tsabtar wurin ba laifi, yana yaƙi da kaska sosai, abin da ke da muhimmanci domin jinin berje ba ya jure zazzaɓin da kaska ke sawa, kuma allurar ciwon haukan kare ba ta taɓa wuce lokacinta ba. Karnuka huɗun da aka cire duk ya samar musu gidaje, bai sake su a titi ba.

Horon jagoran kansa ya ɗauki wata 6. Wani baduku ya ɗinka ɗamarar fata mai mariƙin ƙarfe, wadda ta cikinta mai tafiya ke jin kowane juyi na kafaɗar karyar. Dattijon ya riƙa ɗaure idonsa da rawani yana bin ta a lungunan Birni, ta koyi tsayawa a bakin kwalta da bakin magudanar ruwa, ta koyi kauce wa rumfa da reshen da zai bugi kan mutum alhali ita za ta wuce ƙarƙashinsa. Sai dai kwana 10 kacal ya ware don koya wa Yayana tafiya da ita, makarantu da yawa kuwa mako 2 zuwa 4 suke bayarwa. Kare hanya yake tsarewa, mutum ne ke riƙe da taswirar gari a kansa, shi ke sauraron motoci ya ba da umarnin tsallakawa, kuma wannan ba ya zama cikin kwana 10. Na roƙi ƙarin mako biyu, ya yarda ba tare da ya ƙara kuɗi ba.

Abin da ya kwantar mini da hankali ya faru a watan Fabrairu. An haƙa rami don bututun ruwa a hanyar da Yayana ke bi kullum, ba a sa wata alama ba. Ya ce mata mu je, ta tsaya. Ya sake faɗa da ƙarfi, ta gitta jikinta a gaban gwiwoyinsa ta ƙi gaba, har sai da ya miƙa sandarsa ya ji babu ƙasa. Wannan ƙin bin umarni don ceton mai ita shi ne ƙololuwar aikin jagora, kuma matsoracin kare ba ya iya shi domin tsawa za ta sa ya bi, mai rawar kai kuma ba ya iya shi domin hankalinsa na wani wuri. Da na gaya wa dattijon, ya ce, "Ai wadda ta koma ta sansana laima ce."

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka kare ya ɗauke dukkan nauyi. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, yashi da kwalta na ƙona tafin ƙafarta, don haka daga hantsi zuwa la'asar ba ta fita, kuma idan fita ta kama a wannan tsakani yaron ne ke riƙe sanda. Kasuwar Dole ranar da ta cika ba wurinta ba ne. Yara masu jifa sun dame mu a makonnin farko har sai da muka bi gida gida muka yi wa iyayensu bayani. Game da addini, mun tambayi limamin unguwarmu kafin mu fara, ya ce a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta riƙe shi don farauta da tsaron dabbobi da gona, bukatar makaho kuwa ba ta gaza waɗannan ba. Yayana ya gina mata rumfa a tsakar gida, ba ta shiga ɗaki, idan ya je masallaci kuma a zauren wani maƙwabci take jiransa. Ko a garin Lesta na Ingila, inda malamai suka ba wani matashi makaho izinin zuwa masallaci da karensa a 2008, wuri aka keɓe wa karen daga bakin shiga, ba ya kaiwa inda ake salla.

Ina ba da shawarar wannan gida ga wanda ke da ƙarfin tafiya, ya riga ya iya amfani da sanda, yana da hanyoyin da yake bi kullum, kuma iyalinsa za su iya ciyar da kare da kai shi wurin likita har shekara 7 ko 8 da zai yi yana aiki. Ba na ba da ita ga tsohon da ba ya fita sai ranar Juma'a, ko ga wanda ke son kare cikin wata uku. Wanda zai je ya nemi a rubuta yarjejeniya, ya tabbatar akwai gidan reno ga kowane kwikwiyo kafin a haife su, kada ya yarda a naɗa masa gwani a mako na bakwai, kuma ya kasance a wurin da agogonsa ranar gwajin sanyi. Ɗan Yayana ya yi zangon karatu biyu bai rasa aji ba sai kwana huɗu. Wasu iyalai biyu daga unguwar Zango sun nemi in kai su wurin dattijon, na ce masa ba zan kawo kowa ba sai an ɗauki hoton ƙugun uwar Tauraruwa da na ubanta kafin a sake haɗa su. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in zo ranar Asabar tare da likitan dabbobi mu ji nawa abin zai ci.